Kamun kifin salmon a Kogin Kolumbiya, a ƙasar Amurka

Baƙon Portland: Jama'a, abokin aikina ya gayyace ni kamun salmon da kwalekwale a watan Afrilu, ƙasa da madatsar Bonneville. Wane shiri ya kamata in yi?

Dattijon Masunta: Ɗana, ka fara sayen lasisin kamun kifi na jihar Oregon, inda birnin Portland yake, da takardar rubuta kamu. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo kaɗai ake ɗauka, alamarsa kuwa ita ce an yanke ƙaramin fiffiken da ke kusa da wutsiyarsa. Wanda fiffikensa ke nan, a sake shi tun yana cikin ruwa.

Mai Fatsa: Haka ne, Baba. Doka ta hana ƙugiya mai kunne, wato mai 'yar ƙayar nan da ke hana kifi suɓucewa. Kuma ka sa rigar sanyi mai kauri, domin bara yatsuna sun ƙage har na kasa ɗaura koto.