Neman shawara: ko ɗana ya gaji ciwon mahaifinsa?

Maman Abdul, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya shekara tara yana shan maganin taɓin hankali, irin wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Babban ɗanmu mai shekara 17 yana shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare, amma tun bayan ƙaramar salla nake ganinsa kan tabarma da littafi a buɗe, shafi ɗaya har a kira magariba, kuma in na aike shi sai ya dawo daga zaure ya tambaye ni abin da na ce. Dangin babansa suna cewa abin a jini yake. Shin in kai shi a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa?

Wani likita a cikin zauren:
Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Gado yana da hannu, sai dai ba kamar sikila ba, wadda ƙwayar gado guda ke haddasawa. Binciken da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, kowanne tasirinsa ɗan kaɗan ne. A cikin jama'a yakan kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, a 'ya'yan mai ciwon kuwa kusan ɗaya cikin goma, tara kuma ba ya kama su.

Ƙwaƙwalwar saurayi takan rage mahaɗun jijiyoyin da ba ta buƙata, kamar yadda manomi ke rage tsiron hatsi a rami. A 2016 masu bincike a Amurka suka danganta wani nau'in ƙwayar gado mai suna C4 da wuce kima a wannan ragi, abin da ake ganin yana cikin dalilan da ciwon ke bayyana a samartaka, raunin mai da hankali da mantuwa kuma sukan riga shi. Amma bambancin da ake gani a hoto sai an kwatanta ɗaruruwan mutane yake fitowa, hoton yaro ɗaya ba zai gaya miki komai a kan wannan ba. Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi.

Malama Hadiza:
Yaya, ina koyar da sa'o'insa, kuma rashin barci da damuwa kan sa yaro haka. Ki tambaye shi cikin lalama ko abokansa na shan wiwi, domin tana ƙara haɗarin ciwon.

Maman Abdul:
Na gode ƙwarai. Gaskiya fitilarsa kan kai asuba a kunne. Ranar Litinin in sha Allahu kawunsa zai raka mu asibiti.