Wane harsashi ya dace da harbin saiti daga nesa?

Jiya a fadarmu ta Birni muka sha shayi kan wannan tambaya. Dattawa, tsofaffin sojoji, sun tsaya kan .308 Winchester: tun 1952 yake aiki, ga shi ba ya saurin cinye bututun bindiga. Matasa suka ce 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ba ya dukan kafaɗa sosai, kuma a mita 1000 iska ba ta karkatar da shi kamar .308. Duk wanda ya san iskar hunturun Damagaram zai gane nauyin maganar. Ni ma can na karkata. Tsada ta kori babban harsashin .338 Lapua daga muhawarar. Mai koyo kuwa, sai ya samu izinin hukuma tukuna, ya fara da ƙaramin harsashin .22.