Neman shawara: in saki fim ɗina a YouTube ko in jira gasa?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa gajeren fim na minti 18 kan matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli a unguwarmu nan Maraɗi. Ba furodusa, ba kamfani. Gwaggona ce ta ba ni jika ɗari uku, kwasar adashinta, ita da ta riƙe ni tun rasuwar baba, har tunkiyarta ta taɓa sayarwa don karatuna. Yanzu in na gaishe ta sai ta ce "ya fim?" ta ci gaba da tankaɗe. Mai kamera kuma mun ɗan saɓa, a bar wannan. Burina FESPACO, gasar fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso, amma bikin shekara bibbiyu ne. In saka shi YouTube ko in jira? Wallahi barci ya gagare ni.

Tsohon Ɗan Sinima: Kar ka kuskura, ƙanena! Gasa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya zaga intanet. FESPACO tun 1969 yake, kuma ɗan ƙasarmu Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar gasar, Dokin Yennenga, a 1972. Doki na dogon fim ne, gajere irin naka ɗan doki ake ba shi. Sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto, ka gyara sauti. Na ga tallar da ka turo, ƙarar injin markaɗe ta danne muryoyin matan.

Hajiya Tela: Ɗan dokin ne zai biya gwaggo? Ɗana, saki abinka. Ni wasu 'yan fim na ɗinka wa kaya kala shida, har yau "in mun ci gasa, Hajiya".

Ɗan Tasha: Tsaya tukuna. Asalin hotunan suna hannun wa, kai ko mai kamera?

Ɗan Mokoyo: Hajiya, ban ce ba zan biya ba, gwaggo ma ba ta matsa min ba. Ƙarar injin kuwa da gangan na bar ta, haka wurin yake.

Tsohon Ɗan Sinima: Kowa "da gangan" yake cewa. Alƙalan gasa minti biyu za su saurara su kashe. Kuma YouTube ɗin, sai ka tara mabiya dubu kafin a fara raba maka kuɗin talla. Kana da su?

Hajiya Tela: To ya haska a unguwa, dala ashirin-ashirin.

Ɗan Mokoyo: Fim ɗin ya wuce haskawa a lungu. Akwai mai yi min fassarar Faransancin bashi?

Ɗan Tasha: Na ce hotunan suna hannun wa?