Ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana can gabashin Jigawa, wajen Haɗeja, gidajenmu ba su kai hamsin ba. Mota ɗaya ce ke shigo mana, ranar kasuwa kaɗai, ita ma ba ta tashi sai ta cika maƙil. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direban ya fara tsallake mako. Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: samarinmu suna tafiya ci-rani Kano da Legas, ba sa dawowa saboda babu hanya, direba kuma yana ƙin zuwa saboda babu mutane. Ku a wajenku yaya abin yake?

Maman Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Yayana, ka taɓo mini inda yake ciwo. Da damina ƙanwata ta fara naƙuda bayan sallar isha'i, ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta har tsakar dare, ta ce a kai ta asibiti. Mai babur ɗaya ne a garin, kuma yaya za a ɗora mai naƙuda a babur cikin taɓo? Amalanke aka ɗaura wa shanu, muka shimfiɗa katifa, ni ina riƙe da kanta, mijinta yana gaba da tocila. Sai da aka kira assalatu muka kai bakin kwalta. Allah Ya sa ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba. Daga baya na ji cewa a wasu garuruwa direbobin tasha suna da tsarin kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Mu labarin ma bai iso mu ba.

Tsohon Direba: Allah Ya ba ku haƙuri, Hajiya, Ya sa mai ceto ne. Shekara ashirin na yi ina jigilar ƙauyuka, ku yarda da ni ba ƙeta ba ce. Ka shiga da fasinja biyar, ka fito da buhu uku, rairayi ya ci maka kuloci, kuɗin mai ma bai fita ba. Lokacin kaka kuwa har rige-rigen shiga muke yi, don akwai riɗi da wake.

Ɗan Fadama: Baba, to lokacin kakan ma ai mai motar ne ke yanka farashi. Wanda ba shi da hanyar fitar da riɗinsa, yadda aka taya haka zai sallama.

Malam na Bagwai: Mu namu ruwa ne. Mutanen Badau kwale-kwale suke hawa su tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai, don zagayowa ta ƙasa akwai nisa. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Ina bakin ruwa washegari. Har yau in na ga an cika jirgi da yara, sai gabana ya faɗi.

Bazinderiya: Ni daga jihar Damagaram nake, kusa da iyaka. Kabu-kabu da amalanken jaki ne motocinmu, kasuwarmu kuma Maigatari ce ran Alhamis. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, sai kuɗin kabu-kabu ya tashi, tsofaffi da yawa suka daina fita.

Maman Sadiƙ: Baba direba, don Allah in da a ce ƙauyuka uku makusanta za su haɗa fasinjansu wuri guda, rana biyu a mako, su kuma ajiye kuɗin mai a hannun mai unguwa don fitar dare, akwai direban da zai yarda ya bar lambarsa?

Tsohon Direba: Akwai, Hajiya. Ku fara zama da shugaban tashar da ta fi kusa da ku, ku je da mai unguwa da liman.