Wane fim zan nuna wa 'yan ajin ƙarshe kafin WAEC?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum, 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗalibaina na ajin ƙarshe sun gama jarrabawar gwaji a makon jiya, kuma tun da sakamako ya fito jikinsu ya yi sanyi, har wata yarinya mai ƙoƙari ta same ni a ofishin malamai tana kuka, ta ce idan ba ta samu kiredit a lissafi ba, duk shekarun da ta yi tana zuwa makaranta sun tashi a banza. Shugaban makaranta ya ba ni yammacin Asabar, da majigi da janareta, in nuna musu fim guda ɗaya da ya taɓo batun karatu da jarrabawa da amfanin ilimi, sannan mu tattauna. Yara 46 ne, maza da mata. Wanne kuke ganin ya dace?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam, Malama. Ki nuna musu 3 Idiots na Aamir Khan, wanda ya fito a 2009, domin duk abin da kika lissafa yana cikinsa.

Maman Ikram: Ni ma shi ne ya fara zo mini a rai, amma ina roƙon Malama ta kalle shi ita kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ta sa wa 'ya'yan mutane. Akwai wurin da ɗalibi ya rataye kansa, akwai wanda ya faɗo daga bene saboda tsoron kora, kuma jawabin nan da aka sauya wa wani ɗalibi kalmomi cike yake da batsa. Ga yarinyar da ta riga ta fara cewa rayuwarta ta tashi a banza, ban ga hikimar nuna mata waɗannan ba. Tsawonsa ma ya kusa awa uku.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya ce, sai dai ana iya tsallake waɗancan wuraren. Abin da ba zan so yara su rasa ba shi ne inda malami ya tambayi ma'anar inji, wani ya bayyana da kalmomin da kowa zai gane aka kore shi daga aji, wani kuma ya zubo haddar littafi aka yaba masa. Na zauna a irin wannan ajin, kuma na san cutar da hadda ta yi mana.

Alaramma: Injiniya, a yi hattara da wannan kalma. Da hadda aka tsare Alƙur'ani, kuma yaron da ya saba da tilawa tun asuba ba ya shan wahalar riƙe jadawalin lissafi. Kada a fito daga kallon fim yara su ɗauka cewa riƙe abu a ka aibu ne.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ba waccan nake nufi ba. Mahaddaci yana da malamin da zai zauna gabansa ya ɗauki tafsiri da fiƙihu, kuma ba ya zubar da abin da ya haddace. Wadda nake kuka da ita ita ce ta daren jarrabawa, wadda ake juyewa a takarda da safe, kafin azahar ta bi ruwa.

Baban Khalifa: Ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, domin wannan magana ta taɓa inda yake yi mini ciwo, kuma ban taɓa faɗinta a bainar jama'a ba.

Shekarun baya babban ɗana ya kawo mini sakamakon gwaji irin wanda Malama take magana a kai, lissafi da fiziks duk sun faɗi. Maimakon in zauna da shi in ji inda ya tsaya, sai na bi shawarar wani abokin kasuwa, na cire shi daga makarantarsa na yi masa rajista a wata da ke bayan gari, irin waɗanda kowa ya san abin da ake yi a cikinsu. Bayan kuɗin rajista na biya wani da suka kira kuɗin taimako, ba rasit, ba tambaya. Shi da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa a kan allo ake rubuta musu amsa, wani yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen hanya. Sakamako ya fito da kiredit takwas, na yanka kaji, na kira 'yan uwa har Zariya ina shelar cewa za a yi injiniya a gidana. JAMB da ake yi a kwamfuta, inda ba mai rubuta maka a allo, sai a karo na biyu ya haura da ƙyar, amma ko wannan bai farkar da ni ba.

Ya shiga jami'a, shekarar farko ya kwaso darussan da ya faɗi, a ta biyu aka sallame shi. Wata uku yana ɓoye mini, har ranar da mahaifiyarsa za ta wanke masa jaka ta tsinci takardar a ninke cikin aljihun ciki, ta yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. Da na kira shi bayan isha'i ya durƙusa, bai yi kuka ba, cewa kawai ya yi: "Baba, ni fa ban taɓa gane abin da aka ce na ci ba." Wallahi har yau idan na tuna wannan magana barci yana ƙaurace mini, domin ni na saya masa kwalin da ya kai shi inda ƙafarsa ba za ta iya tsayawa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni na haƙa, shi ya faɗa.

Yanzu yana Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, wajen wani maigida mai ƙera injin niƙa. Kwanaki na je na tarar da shi da tef a wuya da alli a hannu, yana lissafin faɗin bakin mazurari a jikin farantin ƙarfe, kuma ya yi mini bayanin dalilin kowane awo ba tare da ya duba komai ba. Lissafin da na biya kuɗi a rubuta masa, ga shi yana yi da kansa saboda ya ga abin da zai yi da shi.

Shi ya sa, Malama, nake ba ki shawarar 12th Fail, na 2023. An gina shi a kan rayuwar Manoj Kumar Sharma, wanda ya taso a yankin Chambal na Indiya, a makarantar da malamai suke rubuta wa ɗalibai amsa a allo, har wani jami'in ɗan sanda ya zo ya hana, ajin ya faɗi. Yaron ya bar satar amsa, ya ci da ƙaramin sakamako na guminsa, ya tafi Delhi yana aikin niƙan gari yana karatu, ya faɗi jarrabawar shiga manyan ma'aikatan gwamnati sau da dama kafin ya zama babban jami'in 'yan sanda. Ni da ɗana muka kalle shi, kuma daga wurin allon nan ba wanda ya iya kallon ɗan uwansa. Idan da hali, ki gayyato iyayen ma, domin mu ne masu kai kuɗin.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri, Alhaji, ba kowane uba ne zai iya faɗin wannan ba. Allah ya yi wa Khalifa albarka a sana'arsa.

Alaramma: Amin. Wanda ya gane kuskurensa ya kuma gargaɗi wasu, muna yi masa fatan Allah ya shafe masa.

Hedimasta Mai Ritaya: Na yi shekara 35 ina wannan aiki, kuma ina ganin muna ɗora wa yara da iyaye laifin da ya fi ƙarfinsu. Muddin ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai da kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a fannoni da yawa, ma'aikata kuma kwali suke tambaya kafin su tambayi abin da ka iya, kasuwar satar amsa ba za ta mutu ba. A jarrabawar JAMB ta 2025, fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kuma kada mu manta a nan Kaduna, a 2017, malaman firamare 21,780 aka ce sun faɗi gwajin da gwamnatin jiha ta yi musu. Yaron da ya fito daga irin wannan tushe, fim ɗin awa biyu ba zai gyara masa abin da aka ɓata a shekara goma sha biyu ba.

Malam Na Rigasa: Ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan gwajin ma ai jarrabawa ce ta rana ɗaya, kuma abin da muke ta faɗa tun ɗazu shi ne rana ɗaya ba ta auna mutum. Ina koyar da aji mai yara fiye da ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, kuma ba a taɓa auna wannan ba.

Hedimasta Mai Ritaya: Ban musa cunkoso ba, Malam, na gan shi da idona. Amma malamin da ya kasa amsa tambayar ɗan aji huɗu, ko yara goma aka ba shi me zai koya musu?

Malam Na Rigasa: Akwai irinsu, akwai kuma waɗanda aka haɗa da su alhali sun iya aikinsu, kuma na san wasu daga ciki.

Anti Nas: Tunda maganar ta koma kan malamai, to malamai da iyaye su nemi Taare Zameen Par na 2007, labarin yaro ɗan shekara takwas da haruffa suke rikice masa, ana ta kiransa malalaci har wani malamin zane ya gano matsalar. Ƙanina haka ya taso, ana cewa daƙiƙi ne, bulala kuwa ba irin wadda bai sha ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a duba shi. Ga 'yan ajin ƙarshe dai bai dace da bukatar Malama ba.

Ɗan Kawo: Duk na Indiya muke ta kawowa. Akwai The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗin makaranta, ya riƙa shiga ɗakin karatu, ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya jawo wa ƙauyensu ruwa a lokacin yunwa. Babu rawa da waƙa irin na finafinan Indiya, kuma gonakin da gidajen kamar namu.

Injiniya: Wannan ya fi kusa da labarin Panteka da Alhaji ya bayar. Alhaji, shin Khalifa ya nemi takardar shaidar ƙwarewa ta NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa? Ana auna mutum ne da aikin hannunsa.

Baban Khalifa: Bai nema ba tukuna, kuma na yi alkawarin ba zan sake tura shi neman wata takarda ba sai wadda shi ya ce yana so. Zan dai gaya masa.

Malamar Lissafi: Na gode ƙwarai, na rubuta duka, kuma zan kalli na Alhaji da na Malawi a daren nan kafin in yanke. Amma Alhaji, wata alfarma nake nema wadda ta fi fim ɗin: ko Khalifa zai yarda ya zo ranar Asabar da tef ɗinsa da allinsa, ya nuna wa yaran yadda yake fitar da awon mazurarin nan? Ba sai ya ba da labarin komai ba idan ba ya so.

Baban Khalifa: Zan tambaye shi idan ya dawo daga aiki, Malama, sai dai Asabar suna tashi ne bayan la'asar, kuma sai maigidansa ya ba shi izini.