Wake ya ƙi nuna a jakar dahuwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ni a Pantami nake, nan cikin Gombe. Da tsadar gas ta ishe ni, sai na sa tela ya ɗinka min jakar dahuwa irin Wonderbag ɗin nan ta Afirka ta Kudu, aka cusa mata gutsattsarin soson katifa. Za ki tafasa abinci, ki sauke tukunyar ki zura a ciki, ki tsuke bakin, zafin da ya rage ya ƙarasa dahuwar.

Shinkafa kam ba a magana. Minti 5 a wuta, awa 1 a jaka, ta fito warwar, ko ƙanzo babu.

Wake ne ya gagare ni. Na jiƙa shi tun dare, na tafasa minti 15 har da 'yar kanwa, na bar shi awa 4. Da na buɗe, ruwan ya huce, ƙwayar kuwa sai ka murza da ƙarfi kafin ta fashe. Maigida ya kai loma ɗaya ya ce, "Hajiya, yau tsakuwa aka dafa mana?" Da na gwada barinsa ya kwana a ciki, da safe ya fara tsami, zubarwa na yi, don na san abinci in ya jima da ɗumi-ɗumi lalacewa yake.

Ina zargin tukunyar: ta alminiyom ce mara kauri, kuma rabi kawai nake cikawa. Ko sanyin hunturun nan ne? Masu amfani da ita, wace tukunya kuke sawa, kuma minti nawa kuke tafasa wake kafin ku sauke?