Ma'aikata 18 a gidan burodi, albashi a hannu: ta ina zan fara da haraji da fansho?

Mai gidan burodi, Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku taimaka min. Ina da gidan burodi nan Mabera, ma'aikatana 18 har da direbobi biyu da manaja, kuma tun da munka buɗe a hannu nake biyan kowa ƙarshen wata, wanda ya ci bashi a tsakiyar wata manaja ya rubuta a littafi a cire mishi. Yanzu na nemi kwangilar kai burodi wata makarantar kwana ta gwamnati sai anka ce in kawo shaidar biyan haraji da ta PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, da ta NSITF, asusun diyyar ma'aikatan da sunka ji rauni wurin aiki. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kawai gare ni, ta sunan kasuwanci. Na tara yaran na hwaɗa musu za a fara cire fansho, masu kwaɓi sunka ce su dai a ba su kuɗinsu cif, ɗaya ma ya ce akwai riba ciki ba ya ci. Mi zan yi? Ba ni son in zalunci kowa kuma ba ni son kwangilar ga ta wuce ni.

Akanta, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu uku ne ka haɗa wuri guda shi ya sa ya yi maka nauyi. Fara da PAYE, harajin albashi ke nan, kuma ba kuɗinka ba ne, na ma'aikaci ne kai dai ka cire ka kai wa hukumar tara haraji ta jihar Sakkwato kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu ka miƙa musu lissafin albashin shekarar da ta wuce na kowa da kowa. Sabuwar dokar harajin da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, to mai kwaɓi da ke ɗaukar 60,000 a wata 720,000 ke nan a shekara, ko kwabo ba za a cire mishi ba, amma dole sunanshi ya fito a takardar albashi. Manajanka in 150,000 yake ɗauka, miliyan 1.8 a shekara, a cire fanshonshi 144,000, a cire 800,000, saura 856,000, kashi 15 cikin ɗari nata 128,400, wato 10,700 duk wata. In haya yake biya ya kawo rasit, ana rage mishi kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar, iyakarshi 500,000, kafin a yi lissafin. Kai kuma tun da sunan kasuwanci ne ba Limited ba, naka harajin a kan ribarka jiha za ka biya shi, daga nan shaidar biyan harajin za ta fito.

Hajiya mai makarantar kuɗi, Arkilla:
Alhaji maganar fansho ni na sha ta da malamaina. Dokar 2014 ce, ma'aikata 15 zuwa sama wajibi ne babu zaɓi, ma'aikaci kashi 8 kai kashi 10, kuma cikin kwana bakwai na aiki bayan ka biya albashi kuɗin su shiga. Kar ka tara su ka ce "za a cire", kalmar cirewa kawai kunnensu zai ji. Kira su ɗaya-ɗaya da biro da takarda, in mai ɗaukar 60,000 ne ka ce wane 4,800 naka ni kuma in ɗora 6,000 daga aljihuna, 10,800 duk wata da sunanka, ko ka bar gidan ga ka koma Gusau asusunka na bin ka. Malamaina sai da alat ɗin farko ya shigo wayoyinsu sannan hankalinsu ya kwanta, akwai wadda ta zo ofis tana nuna min tana dariya. Shi kuma mai maganar riba yana da gaskiyarshi kar ka yi mishi faɗa, tun 2021 PenCom ta fito da asusu na shida wanda ba ruwanshi da kuɗin ruwa, bisa tsarin shari'a ake juya shi, ya gaya wa kamfanin fanshon can yake so a sa shi.

Mai shagon taya, Dandima:
Ni dai Alhaji shawarata ka mai da huɗu 'yan biyan kullum ka koma 14, shi ke nan ka huta da duk wannan wahala.

Akanta, Runjin Sambo:
A'a Malam, kar ya yi. Kwangilar da yake nema shaidar PenCom ta ce, ko mutum nawa gare shi sai ya nuna yana biya kafin su ba shi ita, har da inshorar rai ta ma'aikata wadda doka ta ce ninki uku na albashin shekara. Kuma mutumin da ke zuwa kullum tun kafin asuba shekara da shekaru ka rubuta shi ɗan biyan kullum don ka hana shi fansho, wannan cin haƙƙi ne ko ba gwamnati a ciki.

Tsohon ma'aikacin gidan burodi, Minanata:
Baba Alhaji ni NSITF ɗin nan nake roƙonka kar ka yi wasa da ita, kashi 1 cikin ɗari ne kawai na jimlar albashi duk wata kuma kai za ka biya ba a taɓa na yara. Inda na yi aiki a da, wani yaro shina tura kwaɓi cikin abin naɗi da dare wuta ta ɗauke ta dawo, injin ya kama mishi yatsu uku, munka naɗe hannun da buhun fulawa munka sa shi a mashin zuwa asibiti. Mai gidan ya biya magani na sati biyu daga nan shiru, yaron yanzu rake yake sayarwa da hannu guda. Da an yi mishi rajista da akwai inda zai nemi diyya.

Mai gidan burodi, Mabera:
Innalillahi, Allah shi ba shi lafiya. Na gode ƙwarai jama'a. Saura abu guda, wasunsu ba su kai 70,000 ba, shin na karya dokar mafi ƙarancin albashi? Sannan littafin bashin ga in daina ne?

Akanta, Runjin Sambo:
70,000 ɗin da anka sa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ba ka karya doka ba, in kwangilar ta samu dai ka duba su don buhun shinkafa bai san adadin ma'aikatanka ba. Bashi kuma ci gaba da ba su, amma a takardar albashi a rubuta cikakken albashin mutum tukuna, a lissafa fansho da haraji a kanshi, sannan bashin ya fito a layinshi daban mai shi ya sa hannu. Buɗe asusun banki da sunan gidan burodin ka daina ɗibar kuɗin cefane daga cinikin rana, kowa ya kawo NIN da lambar asusu, albashin watan ga ya fita ta banki. Duk abin da za ka biya hukuma ta banki ka biya ka riƙe rasit, masu duba takardun kwangila shi za su fara tambaya.